Ɗan Maƙera a Ƙofar Baffa

A gidan Baffa da ke Aubervilliers akwai kalma ɗaya da ba a faɗa, ita ce maƙera. Tun a mota ya kafa mini wannan doka, ranar da ya ɗauko ni daga filin jirgi. Ban ma gama isar masa da gaisuwar mutanen gida ba ya ce, a nan Faransa mu jikokin fatake ne, kakanmu gishiri yake kaiwa kudu a kan jakuna, haka kowa ya sani, haka kuma zan faɗa in an tambaye ni. Na ce to. Baƙo ne ni, ko rigar sanyi ba ni da ita, wa ya aike ni musu.

Amma ƙarya ce tsagwaronta. Kakanmu maƙeri ne a wani ƙauye na Adar, ubana ma maƙeri, shi kuma Baffa, ƙanen ubana uwa ɗaya uba ɗaya, a gindin uwar maƙera ya yi wayo. Ni kaina na san zuga-zugi kafin in san harafi. In na taso daga lakkol, wato makarantar boko, sai in jefar da jaka in zauna zuga, ubana yana juya ƙarfe cikin gawayi yana ce mini in bar kallon harshen wuta, launin ƙarfen zan kalla. Akwai wani dogon tabo mai sheƙi a hannun Baffa na dama. A Paris an san cewa mai ne ya ƙone shi lokacin da yake aiki a gidan abinci. Ubana ya gaya mini yadda aka yi tun ina yaro: bakin kalme ne da ya fito daga wuta ya suɓuce daga awartaki.

Ba zan ce Baffa ba shi da dalili ba. Yana saurayi ya nemi wata yarinya a garinmu, ita ma tana son sa, iyayenta suka ce su ba sa haɗa jini da maƙera. Mutanen da kowace damina sai sun zo sun durƙusa a maƙerarmu a koɗa musu kalme, su ne 'yarsu ta fi ƙarfinmu. Baffa ya bar garin bai waiwaya ba. Ya yi dako a manyan shagunan sari na Aubervilliers, ya sha sanyi ya sha wulaƙanci, har ya zama mai aika takalma da jakunkuna gida da sunan kansa. Ya je Makka, ya sayi ɗan gida mai fili a baya, ya zama shugaban ƙungiyar 'yan yankinmu. Da ubana ya rasu, ina shekarar farko a jami'a, Baffa ya tara mutane a falonsa aka yi addu'a, ya ce musu yayansa manomi ne. Ina zaune a kusurwa na ji da kunnena. Na haɗiye, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lahadin farko na kowane wata ake taron ƙungiya a wannan falon. Hajiya, matar Baffa, ta dafa shinkafa da miya tukunya guda, a zo da manyan riguna a ƙarƙashin kwat ɗin sanyi, a yi ta gaisuwa kamar ba a ga juna a metro jiya ba. Mai dafa shayi wani tsohon Buzu ne da ke sayar da dabino da cuku kusa da Château Rouge. Yana da wata tsohuwar buta ta tagulla da ya zo da ita tun daga gida. Murfinta ya rabu da maɗaurinsa, sai ya ɗaure shi da 'yar waya, kuma duk sanda ya ɗaga butar sama zai tsiyaya sai murfin ya yi ta rawa. Na sha kama Baffa yana kallon murfin nan, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, sannan ya kawar da kai ya ci gaba da zancen kuɗin jana'iza.

A gida akwai wasa tsakanin maƙera da Buzaye. Buzu ba ya wuce maƙera bai tsaya ya ce mu bayinsa ne ba, mu kuma mu rama, mu ce ɓarawon dabino ne da ko allura bai iya ƙerawa. Duk abin da aka faɗa ba fushi, wanda ya yi fushi shi aka kayar. Ina yaro ubana yakan ajiye masaba don kawai ya samu bakin ramawa. To wannan tsohon bakinsa ba ya hutawa a taro, Zabarmawan da ke zuwa sun sha tsokanarsa, sun san shi sarai. Amma in ya juyo wajen Baffa sai ya ce Alhaji, ya miƙa masa kofi da hannu biyu, shi ke nan. Ni ma haka yake mini, sai dai wani lokaci yakan tsaya yana kallon hannuwana.

Na yi karatuna a fannin makamashi da zafi, na fito da mastar, digiri na biyu. Baffa ya yanka rago, ya sa aka ɗauki hoto, daga ranar kuma sunana ya koma injiniyanmu. Sai dai injiniyan bai da biro, wato ofis. Na nemi aiki har na gaji da nema. Wasu su kira ni su ga fuskata su ce za su sake kira, wasu ko amsa babu. Na ƙare ina gadi a wani kanti wajen Porte de la Chapelle, da baƙar kwat, ina leƙa jakunkunan tsofaffi mata. Wannan bai dami Baffa ba. Gadi aikin jira ne, in ji shi, kowa ya yi shi kafin Allah ya buɗe. Ran Lahadi in sa babbar riga in koma injiniya.

Wata rana aka turo ma'aikata su sa sabon inji a bayan kantin. Na fita shan iska na tarar da ɗayansu a durƙushe, da shalimo a hannu, wato bututun nan mai fidda wuta, yana liƙa tiyo biyu na jan ƙarfe. Warin ƙarfe mai zafi ya buge ni, na tsaya cik. Wallahi tafin hannuna ƙaiƙayi ya riƙa yi. Na yi ta jera masa tambayoyi har ya ɗago ya ce, in abin ya dame ni haka in je in koya mana, ana neman masu wannan aiki ruwa a jallo, shi ma a wata cibiyar koyar da manya a Lyon ya koya. Injin sunansa pompe à chaleur, masu aikin suna ce masa pak. A takarda na san shi ciki da waje, na zana shi, na yi lissafinsa a jarrabawa. Ban taɓa ɗora masa hannu ba.

Da na gaya wa Baffa an ɗauke ni a cibiyar, da farko murna ya yi. Ya ji sabon makamashi, ya ji Lyon, ya ce ai ya faɗa Allah zai buɗe. Sai ya tambaye ni aikin mene ne takamaimai. Da na so da na lulluɓe masa da Faransanci, amma ban lulluɓe ba. Na ce zan riƙa shiga gidajen mutane ina kafa musu injin ɗumama ɗaki, in yanka jan ƙarfe, in lanƙwasa, in liƙa shi da wuta. Ya ajiye kofinsa. Ya aiki Hajiya kicin, abin da bai saba yi ba.

"Wuta da ƙarfe," ya ce. "Na kwashe rayuwata ina wanke baƙin gawayi daga sunanmu, kai kuma da diplom ɗinka na jami'a za ka koma ka kwaso shi."

Na ce masa gawayin nan shi ya ciyar da shi har ya yi ƙarfin gudu, shi ya saya mini littafin farko. Ya ce yana da 'ya'ya mata da aka haifa a nan, ba su san komai ba, kuma ba ya so wata rana wani ya zauna a falonsa ya gaya musu abin da aka gaya masa. Wannan ta taɓa ni, ban ɓoye ba. Amma na ce masa gara a ƙi su saboda gaskiya da a aure su saboda ƙarya. Na san maganar ta yi wa baffa nauyi daga bakin ɗa, na kuma faɗe ta. Ya ce in na tafi, kada in taɓa kawo kayan aikin nan ƙofarsa. Na durƙusa na yi masa sallama yadda ya kamata, na ɗauki jakata.

Lyon ta karɓe ni da hazo da ruwa. Na samu ɗaki a gidan ma'aikata a Vénissieux, in na yi kewar tuwo in sauka Guillotière in sayi gari da kuɓewa busasshiya. Matar da ta karɓi takarduna a cibiyar ta duba mastar ɗina ta ce karatuna ya yi yawa ga wannan aiki, ko na tabbata. Na ce mata karatun nan ya tsaya a ƙofar kanti ya gaji, yana son ya zauna. Abokan koyona akwai tsohon direba, akwai mai gyaran famfo da ke son ƙara sana'a, akwai wanda masana'antarsu ta rufe. Ba wanda ya tambayi ɗan wane ne wani.

Malaminmu wani Nasara ne gajere mai furfura, maganarsa ba ta da yawa. Ranar farko ya kai mu gaban firigo, injin sanyaya abinci, ya ce kowa ya sa hannu a bayansa. Da ɗumi. Ya ce to, firigo yana kwashe zafi daga cikinsa ya zubar a waje, pak kuwa yana kwaso zafi daga waje ya zuba a cikin gida, ko da ana sanyin da ruwa ke daskarewa, domin iska ba ta rabuwa da ɗan zafi. Abin da aka cika mana allo da shi a jami'a, ya gama shi kafin shayi ya huce. Sauran watannin duka hannu ne. Yadda za ka auna gida ka san girman injin da zai ishe shi. Inda za ka kafa akwatin waje don kada ƙararsa ta haɗa mai gida faɗa da maƙwabci, kada kuma ruwan da yake zubarwa ya daskare a kan hanya tsohuwa ta zame. Yadda ake kama iskar gas ɗin cikinsa a kwalba, ba a sakinta sama. Yadda ake zuƙe iska da danshi daga tiyo kafin a saki gas, ka zauna kana kallon agogon matsi, ba gaggawa. Wannan zaman ya fi komai ba ni wahala, don ni ba mai haƙuri ba ne.

Ranar da aka ba mu shalimo na shiga da taƙama. A raina na ce yau za su ga jikan maƙera. Na kunna, na ɗora wuta a kan mahaɗin, na bar kallon harshen wuta na kalli launi, yadda ubana ya koya mini. Jan ƙarfen ya yi ja mai duhu, na ce da saura. Na jira ya yi jan nan mai haske da baƙin ƙarfe ke yi in ya nuna, lokacin da ubana ke fizgo shi ya ɗora a uwar maƙera. Kafin in ankara tiyon ya narke ya yi rami, ya lanƙwashe kamar dafaffen taliya. Direba ya yi dariya har da riƙe ciki. Su da ba su san wuta ba tsoronta suke ji, suna janyewa da wuri. Ni kaɗai na ƙona nawa, sau biyu kuwa.

Malamin ya ɗauki tiyon ya juya shi. Ya ce wannan kuskuren wanda ya saba da baƙin ƙarfe ne, a ina na taɓa aikin wuta. Dokar Baffa ta taso mini har maƙogwaro, jikokin fatake. Na tura ta baya. Na ce ubana maƙeri ne, kakana ma maƙeri, a hannunsu na koya. Wannan ne karo na farko da na faɗe ta da ƙarfi tun da na taka Faransa. Ya gyaɗa kai ya ce to idona ya riga ya koyu, launin kawai zan canza, jan ƙarfe a ja mai duhu ake ba shi tsinken liƙi. Ya wuce wajen na gaba. Na tsaya da shalimo a hannu ina jin haushi da daɗi a haɗe, haushin cewa abin da aka sa na ɓoye shekaru bai ma ishi mutumin nan ya ɗaga gira ba.

Daga nan hannuna ya zauna. Na koyi sakin iskar azot, wadda ba ta cin wuta, a cikin tiyo lokacin walda don kada cikinsa ya yi baƙi ya toshe inji daga baya, abin da ubana bai taɓa bukata ba. Na ci jarrabawa, na samu izinin taɓa gas, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni. Na hau tuddan da ke kewaye da Lyon cikin sanyi ina kafa pak, da kaka ina komawa ina share ganye daga bayansu, ina wanke matatar iskarsu, ina sauraren ƙararsu. Akwai masu gidan da in sun buɗe ƙofa sai su leƙa bayana su ga ko mai aikin yana tafe. Ina barinsu su gama leƙe, sannan in tambaye su ina mitar wuta take. Bayan 'yan shekaru na tsaya da ƙafata, na sayi farar mota, na sa aka rubuta sana'ata a jikinta da manyan haruffa.

Tsakanina da Baffa sai gaisuwar Salla a waya, ita ma a gajarce. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, sai ya miƙa wa Hajiya. Daga bakinta na ji cewa a taro yana faɗin ina wani babban biro a Lyon. Bai kore ni daga zumunta ba, bai kuma karɓe ni ba, kuma wannan ya fi kora ciwo. Shi kaɗai ya rage mini a duniya da ke da muryar ubana. Ina son sa, ina kuma jin haushinsa, ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ɗaya ba.

Wani hunturu Hajiya ta kira ni. Tsohuwar tukunyar shofaj ɗinsu mai shan mai, wadda ke ɗumama gidan, ta mutu, mai gyara ya ce ba ta tashi, Baffa kuma ga ciwon gwiwa, sanyi yana hana shi sallah a tsaye. An ba su shawara su sa pak. Ta ce ita ba za ta kawo bare ba alhali ga ɗa a gida. Na ji ana ja-in-ja, sannan Baffa ya karɓi wayar. Ya ce in zo, amma in ajiye motar a layin baya, in shigo da kayan gida, in canza a ciki, kuma in gama kafin Lahadi don akwai taro. Na ce masa zan zo. Sauran ban amsa ba, shi ma bai sake tambaya ba.

Na iso da abokin aikina muka faka a ƙofar gida, daidai ƙofar, rubutun yana kallon titi. Baffa ya leƙo ta taga ya saki labule. Muka fidda tsohuwar tukunya, muka kafa na ciki, muka ɗora akwatin waje a filin baya, inda ƙofar gilashi ta falo ke kallo. Ran Asabar da yamma abokina ya hau jirgin ƙasa ya koma. Abin da ya rage shi ne liƙa tiyon jan ƙarfe tsakanin na ciki da na waje. Da na so da na gama a ranar. Na kawo musu hita biyu na lantarki daga mota, na ce wa Hajiya sai gobe. Da gangan na yi, kuma ko yau aka mayar da ni haka zan yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ran Lahadi bayan azahar mutane suka fara shigowa, kowa sai ya tsaya ya karanta jikin mota. Falon da sanyi, ba wanda ya tuɓe kwat. Ina waje cikin shuɗin kayan aiki, na gaishe da kowa ta ƙofar gilashi, da sunansa da girmansa. Na ji Baffa yana cewa injiniyanmu ne ya zo duba aikin yaransa. Ba wani yaro a filin, ni kaɗai ne da kwalaben gas. Na saki azot, na kunna shalimo, na durƙusa.

Ban ga fitowar tsohon Buzu ba, sai inuwarsa na gani a kan tiyo. Ya tsufa ƙwarai, yana riƙe da butarsa zai zubar da ganyen shayi. Ya tsaya yana kallo har na liƙa mahaɗi na farko, jan ƙarfen ya yi ja mai duhu, tsinken ya narke ya zagaye shi. Ya bar ƙofar a buɗe, kowa yana ji.

"Kai, bawana maƙeri," ya ce, "in ka gama wa Alhaji, ga butar ubangidanka nan tana jira."

Duk wanda ke cikin falon ɗan ƙasarmu ne, kowa ya san wa Buzu ke kira haka, kowa kuma ya san in ka amsa ka yarda. Na rage wutar. Bakina ya riga ya san hanya tun ina yaro. Na ce masa, ɓarawon dabino, ba don mu ba da cokali za ku je yaƙi, shi ma cokalin sai mun ƙera muku. Tsohon ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame. Mutum biyu ko uku suka taya shi, suka kuma yi shiru da suka dubi Baffa.

Wani Alhaji, wanda ake raɗe-raɗin ɗansa yana neman babbar 'yar Baffa, ya miƙe ya ce yana da uzuri. Ya sa takalmansa ya fita bai sha shayi ba, kuma bai sake zuwa taro ba. Abin da Baffa ya ji tsoro ke nan, ya faru a gabansa, ni na jawo. Na ga fuskarsa ta cikin gilashi, na ce a raina yau na rasa shi gaba ɗaya.

Buzun bai koma ciki ba. Ya juya ya fuskanci Baffa, ya daina dariya. Ya ce shi ya san maƙerar ubansu, yana yaro ya raka nasa uban can gyaran takobi. Ya ce tun ranar da Baffa ya sauka Paris ya gane shi, kuma ba shi kaɗai ba, rabin falon nan sun sani, sun yi shiru ne don sun ga yana so.

"Shekara da shekaru ina haɗiye wasana saboda kai, Alhaji," ya ce. "Ga shi mun tsufa. Da shi za ka bari a binne ni?"

Baffa yana zaune yana kallon darduma. Hajiya ta tsaya a bakin kicin da faranti a hannu. Sannan ya dafa kujera ya miƙe da ƙyar, ya tako har bakin ƙofa, ya fito cikin sanyin nan da silifa. Bai dube ni ba. Ya dubi mahaɗin da na liƙa, ya sunkuya ya duba ƙasansa inda liƙi ke yawan ƙin zagayawa. Ya naɗe hannun rigarsa na dama, tabon ya fito fili.

"Kawo butar nan, ɓarawon dabino," ya ce. "Tun da na san ka murfin nan yake ci mini rai. Buzu da waya, ai ka ga iyakar hikimarku."

Tsohon ya miƙa masa da hannu ɗaya, yana share ido da bakin rawani. Baffa ya warware wayar ya yar, ya kankare wurin da wuƙata, ya miƙo hannu na ba shi shalimo. Bai taɓa riƙe irinsa ba, na nuna masa inda ake rage wuta. Na kama butar da filaya na durƙusa a gabansa na riƙe, yadda nake riƙe wa ubana. Ya ɗora wutar, ya bar kallon harshenta, ya kalli launi. Da ya janye, murfin ya zauna daram.

Ya miƙo mini shalimon, sai a lokacin ya dube ni. Ya ce in ƙarasa aikin mutane suna jin sanyi. Ya juya zai shiga, ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa gare ni.

"Ubanka ya fi ka iya riƙewa," ya ce. "Shi in ya riƙe maka ƙarfe ko motsi ba ya yi. Duk Adar ba maƙeri kamarsa."